Jayayyar Masu Sharhin Waƙa a Ingila da Amurka, da Shafin da Jaridunmu Suka Rasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina ganin giɓinsa a jaridarku da sauran jaridun Hausa, wato sharhin waƙa. Shafin nishaɗi yakan kawo mana labarin mawaƙin da ya yi aure, da wanda ya sayi sabuwar mota, da waɗanda suka yi cacar baki a TikTok, da adadin mutanen da suka kalli sabuwar waƙa a YouTube cikin mako guda, amma da wuya a samu marubucin da ya zauna ya saurari waƙar da kunnen basira, sannan ya gaya mana inda mawaƙi ya nuna gwaninta da inda ya yi sakaci. Kafin in kai ga roƙona, zan kawo tarihin wata jayayya da masu sharhin waƙa na Ingila da Amurka suka shafe fiye da shekara 40 suna yi, domin duk wanda zai riƙe irin wannan shafi a wurinmu sai ya ci karo da ita, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

Jayayyar tsakanin masoya waƙoƙin yayi ce, waɗanda can ake kira pop, da masoya waƙoƙin indi, wato na mawaƙan da ke fitowa ta hannun ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu. A farkon lamarin bambancin na kasuwa ne tsantsa. A watan Janairun 1977 wasu samari na birnin Manchester masu suna Buzzcocks suka tara kimanin fam 500 daga hannun 'yan uwa da abokai, suka buga faifansu da kansu ba tare da sun jira wani babban kamfani ya ɗauke su ba, faifan kuma ya sayu fiye da yadda suka zata. A birnin Landan akwai wani shagon faifai mai suna Rough Trade da aka buɗe a 1976, wanda ya zama kamfani a 1978, ya kuma taimaka wajen shimfiɗa hanyar rarraba irin waɗannan faifai zuwa ƙananan shaguna a faɗin ƙasar. A 1980 aka fara fitar da jadawalin cinikinsu na daban. Sharaɗin shiga jadawalin bai shafi irin kiɗan da ke kan faifai ba, abin da ake dubawa shi ne ko faifan ya bi ta hannun manyan kamfanoni ko bai bi ba. Saboda haka ne a ƙarshen shekarun 1980 Kylie Minogue, wadda babu wanda ya fi ta zama mawaƙiyar yayi a lokacin, ta riƙa hawa saman jadawalin indi, tunda kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta mai cin gashin kansa ne. Masoya indi ba su ji daɗin hakan ba, rashin jin daɗin nasu kuma shi ya tona cewa maganar ta riga ta tashi daga kasuwa ta koma maganar su wa ake so a gan ka tare da su.

Ƙarƙashin wannan akwai wata tsohuwar aƙida ta masu sharhi da suka taso da kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970. A wurinsu mawaƙin kirki shi ne wanda ya rubuta waƙarsa da hannunsa, yake kaɗa jitarsa da kansa, yake iya tsayawa gaban jama'a ya rera ba tare da taimakon na'ura ba, yake kuma fitar da kundi cikakke wanda za a saurara daga farko zuwa ƙarshe. Wanda aka rubuta wa waƙa, ko wadda aka fi saninta da rawa da ado a bidiyo, ko kiɗan da aka haɗa da injin, duk a wurinsu kayan kanti ne da za a yi yayinsu a manta. Wannan raini bai tsaya a takarda ba. A ranar 12 ga Yulin 1979 wani mai gabatar da shiri a rediyo ya gayyaci jama'a su kawo faifan disko, wato wani kiɗan rawa da ke tashe a lokacin, filin wasan besbol na Comiskey Park da ke Chicago domin a tarwatsa su da abin fashewa a tsakiyar fili. Mutane kimanin 50,000 suka hallara, aka tarwatsa faifan, matasa suka kutsa cikin filin, har aka soke wasa na biyu da aka shirya yi a daren. Waɗanda suka yi nazarin abin daga baya sun lura cewa disko kiɗa ne da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da mata suka fi ƙarfi a cikinsa, taron da ya zo ƙona shi kuwa galibinsa samari ne farare. A 1981 wani mawaƙi ɗan birnin Liverpool, Pete Wylie, ya laƙaba wa wannan aƙida sunan rockism cikin zolaya, wasu marubutan mujallar kiɗa ta NME suka ɗauka suna yi wa abokan aikinsu ba'a da shi.

Masoya indi sun gaji aƙidar, suka ƙara mata wani sharaɗi, cewa shahara kanta abin zargi ce. Ƙungiyar Nirvana ta yi kundinta na farko a 1989 a ƙaramin kamfanin Sub Pop na birnin Seattle da kuɗin da bai wuce dala 600 da 'yan kai ba. Da ta koma babban kamfani ta fitar da na biyu a 1991, har ya ture na Michael Jackson daga saman jadawali a watan Janairun 1992, sai wasu tsofaffin masoyanta suka ce ta sayar da kanta. Shekara uku bayan haka kamfanin Warner ya sayi kashi 49 cikin 100 na Sub Pop ɗin kansa, wanda ke nuna cewa katangar da ake tutiya da ita tsakanin ɓangarorin biyu ba ta taɓa yin kauri ba.

Inda wannan ɗanɗano ya samu gindin zama a zamanin intanet shi ne shafin Pitchfork, wanda wani matashi mai suna Ryan Schreiber ya kafa a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990. Shafin yana ba kowane kundi maki daga 0.0 zuwa 10.0, kuma akwai lokacin da wannan ɗan ɗigo ke iya ɗaga mawaƙi ko ya kayar da shi. A 2004 ya ba kundin farko na ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada maki 9.7, faifan da ƙaramin kamfaninsu ya buga suka ƙare a shaguna, bayan shekara bakwai kuma ƙungiyar ta ci babbar kyautar Grammy ta kundin shekara. A 2003 kuwa ya ba mawaƙiya Liz Phair maki 0.0, babban laifinta a idon mai sharhin shi ne ta bar salon indi da aka san ta da shi ta nemi masu shirya waƙoƙin yayi su yi mata aiki. Wanda ya rubuta wancan sharhi ya fito a 2019 ya nemi afuwarta a bainar jama'a, a 2021 kuma shafin ya sake duba makin ya mai da shi 6.0. Akwai misalin da ya fi wannan ban dariya. Lokacin da Taylor Swift ta fitar da kundinta na 2014 wanda ya sayu miliyoyi, Pitchfork bai ga ya cancanci sharhi ba, amma da wani mawaƙin rok namiji ya sake rera waƙoƙin nan nata ɗaya bayan ɗaya a 2015, sai shafin ya yi wa nasa sharhi. Nata sai a 2019 aka waiwaye shi.

Martani mafi tasiri ga wannan aƙida ya fito a jaridar New York Times ranar 31 ga Oktoban 2004, daga alƙalamin Kelefa Sanneh, wanda mahaifinsa masani ne ɗan asalin Gambiya. Abin da ya tunzura rubutun shi ne wata matashiyar mawaƙiya da asirinta ya tonu a wani shirin talabijin na kai tsaye, lokacin da aka saki muryarta da aka naɗa tun kafin ta kai makirufo bakinta, jama'a suka yi mata ca. Sanneh ya ce murnar da masu sharhi suka yi da wannan abin kunya ta fallasa wani tsohon son zuciya, na ɗaukaka tsohon gwarzo ko wanda ba a sani ba da kuma raina tauraron da ke tashe, ya kuma yi tambaya ko haɗuwa ce kawai ta sa waɗanda ake ɗaukakawa galibi maza ne farare masu jita, waɗanda ake rainawa kuma mata ne da baƙaƙen fata da masu kiɗan rawa. Ni dai ina ganin ya yi gaskiya. Waƙar minti uku da mutum biyar suka haɗu suka tsara tana iya fin kundin da mutum ɗaya ya yi shekara yana wahala a kansa, domin wahalar da mawaƙi ya sha ba ta shiga kunnen mai sauraro. Rera waƙar da wani ya rubuta fasaha ce mai zaman kanta, haɗa kiɗa a kwamfuta ma haka.

Sai dai bayan wannan ra'ayi ya yi rinjaye, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2014 wani marubuci mai suna Saul Austerlitz ya koka a mujallar wannan jarida ta New York Times cewa masu sharhi, manya da su, sun koma bin ɗanɗanon 'yan shekara 13, har ya zama duk wanda ya ce waƙar wani babban tauraro ba ta yi ba sai a ce yana da girman kai ko son zuciya. Na fi ganin laifin tattalin arziki a nan fiye da laifin ra'ayin. Da jaridu suka koma intanet, kuɗin talla ya rataya a kan yawan masu latsa labari, sharhin tauraro yana jawo dubban ɗaruruwa, sharhin wanda ba a sani ba kuwa ba ya biyan ko kuɗin wanda ya rubuta shi. Ga kuma rundunonin masoya a kafafen sada zumunta. A 2020 wata marubuciyar Pitchfork ta ba wani kundin Taylor Swift maki 8.0, wanda yabo ne babba a ma'aunin shafin, amma wasu masoya suka ga bai isa ba, suka watsa adireshin gidanta da lambar wayarta. A 2024 mujallar Paste ta buga sharhin sabon kundin mawaƙiyar ba tare da sunan marubuci ba, ta kuma bayyana cewa ta yi haka ne saboda barazanar da aka yi wa wanda ya yi mata irin wannan aiki a 2019. A tsakanin waɗannan shekaru gidajen sharhin da kansu suka riƙa durƙushewa: NME ta daina fitowa a takarda duk mako a 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, Pitchfork kuma, wanda kamfanin Condé Nast ya saya a 2015, an cusa shi ƙarƙashin mujallar GQ a watan Janairun 2024 tare da sallamar ma'aikata.

Wanda ya fi kowa asara a wannan sauyi shi ne ƙaramin mawaƙi. Kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da kimanin kashi biyu cikin uku na kasuwar waƙa ta duniya, taurarinsu kuma ba sa buƙatar mai sharhi ya tallata su. Tun daga 2024 dandalin sauraron waƙa na Spotify ya daina biyan ko kwabo a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba. Duk da girman kan tsofaffin masu sharhin indi, akwai aiki guda da suka yi wanda manhaja ba ta yi, shi ne su tono wanda babu mai sauraronsa su ce wa jama'a ga wani nan ku ji shi.

Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan Bahaushe da rigimar Landan da Chicago. Ruwansa ya fito a labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Jamhuriyar Nijar. Kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin kiɗan fiyano da manhajar lanƙwasa murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da su a lokacin. Waƙoƙin suka bazu a Sahel daga waya zuwa waya ta hanyar memori da bulutut. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane, ya saka ta cikin wani tarin waƙoƙi da ya buga, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Wannan kamfani ne a 2013 ya tattara waƙoƙin fina-finan Hausa ya buga su a kan faifan garmaho mai suna Harafin So. Ma'ana, irin sautin da wasu masu ilimi a Kano ke toshe kunne idan sun ji shi a cikin A Daidaita Sahu, suna cewa kwaikwayon Indiya ne marar asali, shi ne ya zama abin taƙamar masu tsananin zaɓe a shagunan faifai na Amurka da Turai. Sautin bai canza ba tsakanin Kano da Portland, matsayin mai sauraro ne ya canza. Abin lura na biyu shi ne cewa babban yabon da jaridun Yamma suka yi wa Moctar ya zo ne bayan ya koma ga jitar lantarki mai ƙara, ya shiga kamfanin Matador, ya fitar da kundinsa na 2021, inda suka riƙa kwatanta shi da shahararren makaɗin jitar rok Jimi Hendrix. Gwanintarsa a jita ba abin musu ba ce, amma ba na raba ɗayan biyu cewa tsohuwar aƙidar nan ta fifita mai jita tana da hannu a cikin wane Moctar aka zaɓa a ɗaukaka.

A gida muna da namu ɓangarorin, ko da ba mu sa musu suna ba. Akwai masu cewa waƙa ta ƙare tun da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata suka kwanta dama, abin da ya rage nanaye ne da hayaniyar fiyano. Akwai masu amsa musu da cewa waƙar da mutum miliyan goma suka kalla ba ta buƙatar shaidar kowa. Akwai kuma wasu matasa masu salon hip hop da ke ganin su ne masu faɗin gaskiya, mawaƙan soyayya kuwa 'yan kasuwa ne. Ɓangaren farko ya manta cewa su kansu magabatan ba a mataki ɗaya aka ajiye su ba a zamaninsu. Narambaɗa da Ɗanƙwairo makaɗan fada ne masu kotso, Shata kuwa makaɗin jama'a ne mai kalangu, ganga da aka fi saninta da mahauta, ya yi wa sarakuna waƙa ya kuma yi wa direbobi da 'yan kasuwa da duk wanda ya yi masa alheri. Shi ne mawaƙin yayi na zamaninsa, sai da tafiya ta yi nisa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana cika gidajen biki da kiɗan ƙwarya, amma da yake waƙar mata ce a cikin taron mata, an daɗe ana yi mata kallon abin nishaɗin cikin gida kafin manazarta su ba ta haƙƙinta. Raini irin wanda Sanneh ya bayyana ba sai mun aro shi daga waje ba.

Ɓangare na biyu kuma ya ɗauki ƙidaya a matsayin hukunci. Yawan masu kallo yana gaya mana cewa waƙa ta karɓu, amma ba ya gaya mana dalili, ba ya kuma bambance wadda ta karɓu saboda daɗin karinta da wadda ta karɓu saboda rawar da aka ƙirƙira mata a TikTok ko kuɗin da aka kashe wajen tallata ta.

Maganar cin gashin kai ma tana da wata fuska a wurinmu. In da ma'aunin jadawalin Ingila na 1980 za a bi, kusan duk mawaƙin Hausa ɗan indi ne, domin shi ke biyan kuɗin situdiyo, shi ke ɗora waƙarsa a YouTube da Audiomack, babu wani Universal a bayansa, ko da yake wannan kamfani ya riga ya shigo Najeriya ta kudu, inda ya sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin waƙa na Mavin a 2024. Wanda mawaƙinmu ya dogara da shi ubangida ne: ɗan siyasar da ya ba da kwangilar waƙa, da attajirin da ke aurar da 'yarsa, da mai shirya fim, da masu liƙi a wurin biki. Wannan tsohuwar al'ada ce, ba kuma aibi ba ce a karan kanta, tunda manyan waƙoƙin fada da muke alfahari da su duk a inuwarta aka yi su. Tambayar da ta dace mai sharhi ya yi ita ce ko mawaƙin ya sarrafa yabon ya zama fasaha, da kirari da zambo da habaici masu ratsa jiki, ko kuwa jerin sunaye ya karanto a kan kiɗa.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin situdiyoyin da ke wajen Titin Gidan Zoo a Kano ya san yadda ake haihuwar waƙar zamani. Ɗaki ne ƙarami da aka manna wa soso a bango, janareta na ruri a waje, mai kiɗa na zaune gaban fiyano da kwamfuta. Mawaƙi ya shigo da kari a bakinsa da baitoci a wayarsa, ya yi ta gunguni har mai kiɗa ya kamo zaren, ya ɗora ganga, ya ƙara sarewa, ya ce a sake wannan ɗango domin numfashi ya yanke a tsakiyar kalma. Can sai a kira wata mai zaƙin murya ta ɗora amshi, a sallame ta ta tafi, sau da yawa kuma sunanta da na mai kiɗan ba sa fitowa ko'ina a jikin waƙar. A cikin wannan ɗaki akwai abubuwa da dama da za a iya aunawa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, saboda haka idan aka fara aro kari daga waƙar Indiya ko ta Legas sannan aka cusa masa kalmomi, ana jin inda aka ja gajeren wasali ya yi tsawo ko aka karya karin kalma domin ta shiga, gwani kuwa shi ne wanda kalmarsa ke zama a kan kari kamar dama can tare aka halicce su. Ana iya duba ko amsa-amon ya zo da ma'ana ko an jawo kalma ce kawai domin ƙarshenta ya dace. Ana iya duba ko manhajar lanƙwasa murya ado ce da aka zaɓa da gangan ko mayafi ce da aka rufe gazawa da shi, domin duka biyun suna faruwa. Ana iya tambaya me baiti na huɗu ya ƙara a kan na farko. Da waɗannan tambayoyi za a iya tunkarar waƙar soyayya da ta siyasa da ta bege da ta mai gurmi a kasuwar ƙauye, ba tare da an fara tambayar ajin mai ita ba.

Kayan aikin ma muna da su. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi irin wannan aiki a kan waƙar baka, da turkenta da ɗiyanta da salonta, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya daɗe yana bin diddigin yadda fiyano da fina-finan Indiya suka sauya kiɗan Hausa. Ɗalibai a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna rubuta kundayen digiri a kan mawaƙa duk shekara, sai dai kundayen a kan kanta suke ƙarewa, cikin harshen da mai sayen jarida ba zai jure karantawa ba. A fili kuwa hukunci iri biyu kaɗai waƙa ke samu, na tarbiyya, wanda malamai da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001 ke yi, da na ƙidayar masu kallo. Na farkon yana da muhallinsa, amma waƙa tana iya zama mai tsabta ta kuma zama marar daɗi, babu kuma wanda ke da aikin faɗin haka.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku ware rabin shafi duk mako domin sharhin waƙa. A kowane fitowa a ɗauki waƙa biyu, ɗaya wadda ke tashe a gari, ɗaya kuma ta wanda ba a sani ba, ko daga Maraɗi yake ko Damagaram ko Zangon Kumasi, a auna su da ma'auni ɗaya, a kuma ambaci sunan mai kiɗa da masu amshi. Ina ba da shawarar kada a ba da maki, domin mun ga yadda lamba ta riƙa cinye rubutun da ke ƙarƙashinta a Pitchfork, har masoya suka koma faɗa a kan ɗigo ba tare da sun karanta hujja ba. Jarida ta biya marubucin da kanta, ta kuma haramta masa karɓar na goro daga mawaƙi ko yaransa, in ba haka ba shafin zai rikiɗe ya zama talla cikin wata uku. Ku kuma shirya wa ranar da zai ce waƙar wani babban mawaƙi ba ta yi ba, domin a ranar za a ce hassada ce, za a ce abokin hamayya ne ya biya shi, sojojin baka kuma za su yi masa dirar mikiya a Facebook. Idan hakan ta faru, ku ba mawaƙin ko masoyansa fili su kawo tasu hujjar daga cikin waƙar a fitowa ta gaba, ku kuma bar sunan marubucinku a kan rubutunsa.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Zariya.